Filin Tambaya da Amsa: Benen katako zai yi ƙarko?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar ma'aikata da ke tara kuɗi don gina wa mambobinta gidaje. A taronmu wani ya kawo shawarar mu yi benaye na katako, wai sun fi sauri da araha. Aka bushe da dariya, har wani ya ce ashana ɗaya ta ishe su. Shin da gaske ana yi wa jama'a irin waɗannan gidaje, kuma suna ƙarko?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Ma'aji. Ka ce wa mai ashana ya mayar da ita aljihu, ba za ta yi masa aiki ba.

Katakon da ake nufi ba falankin rumfa ba ne. Busassun falankai ake jerawa, a shafa gam, a ɗora wani jerin a gicciye, layi uku ko biyar ko bakwai, sannan inji ya matse su su zama bango guda. Magina na kiransa CLT, kuma a Ostiriya ya bunƙasa cikin shekarun 1990. Tun a masana'anta ake yanke ƙofa da taga da hanyar waya. A wurin gini sai dai ƙugiya ta ɗaga, kafinta ya ɗaure da dogayen sukurori. A Landan, a 2009, kafintoci huɗu suka tsayar da gangar jikin benen Murray Grove mai hawa tara cikin kwana 27 na aiki.

Batun wuta kuwa, duk wanda ya taɓa hura ta ya san ƙirare ke ci nan take, gungume sai ya kwana yana ci. Katako mai kauri bayansa ke zama gawayi, gawayin kuma ya kare cikin. Wuta na cin kimanin santimita 4 a awa guda, don haka injiniya yakan ƙara kaurin da ya sallama wa wutar tun a lissafi. Ƙarfe, da mutane suka fi yarda da shi, yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 600 a ma'aunin Salsiyas. Ban ce babu haɗari ba: lokacin da ya fi muni shi ne ana tsakiyar gini, kafin a rufe bango da allon da ke tare wuta. Kowace ƙasa kuma da dokarta. Suwidin ta hana benen katako da ya wuce hawa biyu fiye da shekara ɗari, sai a 1994 ta ɗage.

Abin da ya kamata ku yi ta muhawara a kai a taron nan shi ne ruwa. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, ba ya ruɓa. Haikalin katako na Horyuji a Japan ya haura shekara 1,300 a tsaye, don rufinsa ya zarce bango sosai, ginshiƙansa kuma a kan dutse suke, ba su taɓa ƙasa. Amma bari bututun banɗaki ya riƙa ɗiga a bayan tayil ba wanda ya sani. Fenti lafiya lau, bango kamar sabo, ranar da ka danna sukundireba a gindinsa sai ta nutse, ta fito da baƙin gari mai wari. Na fi tsoron mai aikin famfo marar kula a kan gobara. Saboda haka harsashi ya zama na kankare, ya ɗago sama da ƙasa yadda za a ga hanyar gara in ta fara hawa, a tsuma katakon da maganin gara tun daga masana'anta, a gyara indararo kafin damina, a sayi ɗan na'urar auna danshi a ajiye wa mai kula da gidajen.

Sai araha, kuma a nan ne mai shawararku ya ɗan yi zuƙu. Sau da yawa katakon kansa bai fi kankare sauƙin kuɗi ba. Rarar tana fitowa ne daga wani wajen: nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na kankare, don haka harsashi ba ya cin rodi da siminti da yawa, ma'aikata kaɗan ne, kuma ana tarewa da wuri. Wannan sai in gidajen iri ɗaya ne, ana maimaita zane guda, kuma masana'antar ba ta da nisa. In sai an yo dakonsa a jirgin ruwa, ko kowane mamba ya ce ga yadda yake son falonsa, to rarar ta tafi.

Kada hoton dogayen benaye ya ruɗe ku. Akwai na garin Brumunddal a Norway, mai hawa 18 da tsayin mita 85, da aka gama a 2019. Abin burgewa ne, amma ba shi ne gidan ma'aikaci ba. Ni hawa uku zuwa biyar na fi so, a kewaye fili da bishiyoyi inda uwa za ta hango ɗanta daga taga, a bar ƙasa don shaguna. Ku ware kuɗin kashe ƙara kuma, domin daɓen katako yana kai takun na sama kunnen na ƙasa. Shimfiɗar roba da siririn daɓen siminti a kai suna magance wannan, amma su ake fara yankewa idan aljihu ya yi zafi.

Masu kishin muhalli suna da gaskiyarsu: siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya, itace kuwa zuƙe shi yake yi ya riƙe. Sai dai in ba a dasa madadin abin da aka sare ba, an yi gyaran gangar auzinawa. Ku nemi shaidar FSC, ƙungiyar da ke tabbatar da cewa katako ya fito daga dajin da ake kula da shi, ko makamanciyarta daga mai sayarwa.

Kafin ku taɓa asusu, ku ji ta bakin hukumar ba da izinin gini da kamfanin inshora da bankin da zai ba ku rance, a rubuce. In duk sun amince, ku gina guda ɗaya tak, ya ga damina biyu, sannan ku kaɗa ƙuri'a kan sauran.