Amsa ga mai neman zama injiniyan manyan manhajoji a Saudiyya

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce kana Jidda, shekara biyu kana rubuta Laravel, firemwok na harshen PHP (wato ginshiƙin kod da ake ɗora manhaja a kai), a wani ƙaramin kamfanin Umra, kana son ka kai matsayin masu gina manhajar da dubban mutane za su hau lokaci guda ba ta durƙushe ba. Ka tambaya ko ka bar PHP ka koma harshen Go da Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da manhaja a kan sabar da yawa, kuma ko ka rubuta naka firemwok don ya ƙara maka daraja wajen neman aiki.

Kada ka bar abin da ke hannunka tukuna. Shopify a kan Rails aka gina shi, Instagram a kan Django, Wikipedia kuma har yau PHP ce ke ɗauke da ita. Da wuya harshe ya zama abin da ya fara kayar da manhaja. Rumbun bayanai ne yake fara ƙosawa, kuma galibi laifin yadda aka yi masa tambaya ne. Wanda ya iya gano hakan a Laravel zai iya gano shi a ko'ina, wanda bai iya ba kuwa, in ya koma Go, zai rubuta kuskuren nan dai da sabon harshe.

Fara da lissafi, domin kalmar "mutane da yawa" ba ta gaya wa injiniya komai. A ƙaddara mutum 50,000 ne ke shiga manhajar a rana, kowa yana aiko buƙata 40. Buƙata 2,000,000 ke nan. Yini ɗaya daƙiƙa 86,400 ne, in ka raba za ka samu kamar 23 a daƙiƙa, abin da sabar ɗaya matsakaiciya za ta ɗauka tana hamma. Amma jama'a ba sa zuwa a jere. A watan azumi ciniki yana taruwa bayan Tarawihi har zuwa sahur, masu sayar da abinci kuma nasu cunkoson yana gab da Magariba. In kashi ɗaya cikin biyar na buƙatun ya faɗo cikin sa'a guda, ka koma kusan 111 a daƙiƙa. Yanzu ninka wannan da tsawon lokacin da kowace buƙata take ci. In tana ƙarewa cikin daƙiƙa 0.2, buƙata kamar 22 ce ke cikin aiki a kowane lokaci. In wani abu ya sa ta ja daƙiƙa 2, sun zama 222. Mutanen ba su ƙaru ba, jinkiri ne kawai ya ninka nauyin sau goma. Rumbun bayanai na PostgreSQL kuwa yadda yake zuwa, haɗi 100 yake karɓa, MySQL 151. Daga nan ne ake fara ganin shafi fari da saƙon kuskure, mai kamfani yana kira yana cewa a ƙaro sabar. In an ƙaro, sai abin ya ƙara lalacewa, saboda kowace sabuwar sabar ita ma haɗi take nema a wannan rumbun da ya riga ya cika. Maganin wannan fannin shi ne a sa PgBouncer a tsakani ya riƙa rarraba haɗi kaɗan ga masu nema da yawa, amma kafin nan a gano abin da ya kawo jinkirin.

Mafi yawan lokaci abu biyu ne. Na farko, shafi ya jero otal 50 na Makka, sai kod ɗin ya koma rumbu ya tambayi farashin kowanne daban, ya sake komawa ya tambayi hotonsa daban. Tambaya 101 ke nan a wurin da uku za su isa. A kwamfutarka mai otal biyar na gwaji ba za ka taɓa ji ba. A Laravel with() ke gyara shi, a Django select_related da prefetch_related, kuma Laravel yana da preventLazyLoading da za ka kunna lokacin gwaji ya yi maka ihu duk sanda ka faɗa wannan ramin. Na biyu, rashin indeks, wato jerin da rumbu ke bi ya samo layi ba sai ya duba kowanne ba. Ɗauki tambayar da ta fi nauyi, ka sa mata EXPLAIN ANALYZE a gaba, ka karanta abin da ya fito. In ka ga Seq Scan a kan tebur mai layi miliyan, rumbun yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya ne kamar mai neman fasfo guda cikin buhu. Indeks mai ginshiƙi biyu kuma jerinsu yana da muhimmanci: wanda aka yi da lambar otal sannan kwanan wata zai taimaki mai nema da lambar otal, amma ba zai yi wa mai nema da kwanan wata kaɗai wani amfanin kirki ba. Kuma ranar da za ka ƙara indeks a teburin da ake aiki da shi, rubuta CREATE INDEX CONCURRENTLY. In ka manta kalmar ƙarshen nan, PostgreSQL zai hana rubutu a teburin har ya gama, duk mai son biya ya tsaya.

Tunda a harkar Umra kake, ga wani da ya fi jinkiri muni, domin shi kuɗi yake ci da mutunci. Ɗaki ɗaya ya rage a goman ƙarshe. Mutum biyu sun danna a daƙiƙa ɗaya. Kod ɗin ya karanta adadi ya ga 1 ga na farko, ya karanta ya ga 1 ga na biyu, ya sayar wa kowa. Alhaji biyu da iyalansu sun iso bakin otal da takarda iri ɗaya. Kuskuren shi ne raba dubawa da ragewa. Haɗa su a umarni guda: UPDATE ɗakuna SET saura = saura - 1 WHERE id = 7 AND saura > 0, sannan ka duba layi nawa ya canza. In sifili ne, wani ya riga shi, sai a gaya masa tun kafin a taɓa katinsa. Haka biyan kuɗi. Waya ta yanke bayan an cire kuɗi ta Mada, tsarin katin banki na Saudiyya, mutum bai ga amsa ba, ya sake dannawa. In ba ka ba kowane yunƙurin biya lambar shaida ta musamman ba, wadda rumbu zai ƙi karɓa sau biyu, an cire masa sau biyu ke nan. Kamfanonin karɓar kuɗi su ma kan sake aiko sanarwar biya ɗaya fiye da sau ɗaya, don haka wurin karɓar sanarwar dole ya gane wadda ya riga ya gani. Kuɗin kuma a ajiye shi da halala, wato ɗaya cikin ɗari na riyal, a matsayin cikakkiyar lamba, riyal 150.75 ya zama 15075. Lamba mai ɗigo ba ta riƙe 0.1 daidai, in aka ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari aka tara rasit dubbai, sai akanta ya tarar da halalar da ba a san inda ta fito ba.

Duk aikin da ba lallai mai amfani ya tsaya jiransa ba, a fitar da shi daga hanyarsa a tura layin jira: saƙon waya, imel, haɗa takardar PDF. Laravel yana da nasa layin a kan Redis, ma'ajiyar bayanai mai saurin gaske, ya isa shekaru kafin ka buƙaci babban tsarin layin saƙo irin Kafka. Sai dai kowane kira zuwa wani kamfani na waje a sa masa iyakar lokaci, daƙiƙa biyu ko uku. Ba tare da haka ba, ranar da kamfanin aika saƙo ya yi sanyi, ma'aikatan sabar ɗinka duka za su tsaya jiransa. Sake gwadawa kuma a riƙa ninka tazara, daƙiƙa 1, 2, 4, 8, a ƙara ɗan bambancin lokaci da ba a tsara ba a kai, don kada dubu su koma masa a lokaci guda su sake kayar da shi yana cikin tashi.

Ajiyar wucin gadi a Redis ita ce kowa yake gudu wajenta da farko, ni kuwa a ƙarshe nake sa ta, domin tana rufe ɓarna ne ba ta gyara ta. Tana da kyau ga abin da ake yawan karantawa kuma ba ya yawan canzawa, kamar bayanin otal. Ga adadin ɗakin da ya rage kuwa, a'a. Ka kula da lokacin ƙarewarta ma: in shafin farko yana ajiye na minti biyar, a daƙiƙar da ya ƙare duk waɗanda ke kai za su afka wa rumbu tare. Sai a sa kulle, ɗaya ya je ya ɗauko, sauran a ba su tsohon na ɗan lokaci.

Akwai abubuwan da suka shafi ƙasar nan waɗanda darussan intanet ba sa koyarwa, kuma su ne ke bambanta wanda ya yi aiki a nan da wanda ya zo jiya. Mai waya da allon Larabci zai rubuta lambarsa da ٠٥٥, kod ɗinka yana jiran 055, sai ya ce lambar ba daidai ba ce. A mayar da su kafin a duba. Bincike da Larabci sai an daidaita أ da إ da ا, da ة da ه, in ba haka ba wanda ya rubuta احمد ba zai samu أحمد ba. A MySQL zaɓi utf8mb4, domin wanda ake kira utf8 a can baiti uku kawai yake riƙewa, emoji ɗaya ya isa ya jawo kuskure. Lokaci a ajiye shi da UTC, a nuna shi da agogon Riyad mai ƙarin sa'a uku. Kwanan Hijira a ɗauko shi daga kalandar Ummul Ƙura ta laburaren da aka sani, kada ka ƙirƙiri naka lissafin. Azumi yana matsowa da kwana 11 ko kusa da haka duk shekara, saboda haka kwatanta cunkoson Maris na bana da na bara ba zai gaya maka gaskiya ba. Albashin ma'aikatan gwamnati yana shiga ranar 27 ga watan Miladiyya, ga kuma 23 ga Satumba da ake rangwamen Ranar Ƙasa. Masu shagunan intanet sun san waɗannan ranakun. Ta ɓangaren doka, rasit na lantarki na ZATCA, hukumar zakka da haraji da kwastan, ya fara aiki ranar 4 ga Disamba 2021, matakin haɗa manhaja kai tsaye da tsarinsu kuma ya fara a Janairun 2023, rukuni-rukuni. Dokar kare bayanan mutane ta fara aiki a Satumban 2023, kuma ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje, abin da ya sa inda sabar take ya zama tambayar da ake yi tun farko. Oracle yana da cibiya a nan Jidda, Google Cloud yana da tasa a Dammam. Ku da kuke riƙe da hoton fasfon alhazai, wannan ya shafe ku kai tsaye.

Maganar yayyanka manhaja gida-gida da Kubernetes, wannan maganin matsalar yawan ma'aikata ne kafin ya zama maganin yawan masu amfani. In injiniyoyi sun kai ɗari suna taka ƙafar juna, rabawa tana da ma'ana. In ku huɗu ne, kun mayar da kiran da ba ya faɗuwa ya zama kiran da ke bin waya yana iya yankewa, kuma umarnin nan guda na ɗaki da biya ya rabu gida biyu, sai kun zauna kun tsara abin da za a yi in ɗaya ya yi nasara ɗaya ya faɗi. Koyi Docker sosai, wato mai ƙunshe manhaja da duk abin da take buƙata wuri guda, ka san abin da Kubernetes yake yi don ranar intabiyu. Abin da ya fi gaggawa shi ne manhajarka ta daina ajiye komai a jikin sabar, zaman mai amfani ya koma Redis, fayiloli su koma ma'ajiya irin S3, ta yadda sabar ta biyu da ta uku za su iya tsayawa bayan Nginx, mai rarraba musu buƙatu, ba tare da an fitar da kowa daga asusunsa ba.

Firemwok kuma, dubi yadda manyan suka samu. Rails daga cikin manhajar Basecamp aka zaro shi a 2004. Django a ɗakin labaran wata jarida a Kansas ta Amurka ya girma kafin a sake shi a 2005. React sai da Facebook ya yi amfani da shi a cikin gida kafin ya fito da shi a 2013. Duka daga aikin da ke gudana aka cire su. Rubuta ƙaramin naka don koyo abu ne mai kyau, ƙarshen mako biyu ya isa ka haɗa mai rarraba hanya da matakan da buƙata ke ratsawa, kuma bayan haka za ka karanta cikin Laravel da wani ido. Amma kada ka ɗora kamfanin mutane a kai. Wahalar firemwok tana zuwa ne bayan wasu sun dogara da shi: duk sunan da ka fitar ya zama alkawari, canza shi sai da gargaɗi a siga ɗaya da cirewa a babbar siga ta gaba, ga takardun bayani, ga toshe ramukan tsaro. Abin da ya fi maka amfani shi ne ƙaramin kunshi mai warware matsala guda, misali daidaita lambobi da haruffan Larabci da na ambata, da gwaje-gwajensa, a kan GitHub.

Ga abin da zan so ka yi cikin wata uku masu zuwa. Kwafi manhajar da kake aiki a kai zuwa wurin gwaji, ka cika ta da bayanan bogi layi miliyan ɗaya, ban da bayanan alhazai na gaskiya. Sa manhajar gwajin nauyi irin k6 ko Locust ta riƙa ƙara mata nauyi har ta faɗi. Kada ka dubi matsakaicin lokaci, yana ɓoye masu shan wahala. Dubi lokacin da buƙata 99 cikin 100 suke ƙarewa a ƙasa da shi. Gyara abu ɗaya, sake aunawa, rubuta lambar kafin da ta bayan. Wanda ya shiga intabiyu a Riyad ya ce shafin kaza yana cin daƙiƙa kaza, na gano dalili kaza, ya dawo kaza, ya wuce mai jera sunayen fasaha ashirin a takardarsa. Bankuna da manyan ma'aikatu a nan sun fi neman Java da Spring ko .NET, don haka in can ka nufa, ɗaya daga cikinsu ya zama harshenka na biyu, ba Go ba. Ka kuma duba sana'ar da aka rubuta a iƙamarka, wato takardar izinin zama, tun yanzu, domin in ta injiniya ce sai da rajistar Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya ake sabunta ta, kuma suna neman takardun karatu da aka tantance. In ka yi gwajin, turo mana abin da EXPLAIN ya nuna a tambayar da ta fi nauyi, mu duba tare.