Ƙanena mai shirin zuwa Kumasi da shafinsa, ga abin da doka ta ce

Salamu alaikum ƙanena, saƙonka ya iso kuma wallahi na ji daɗi da jami'ar KNUST ta Kumasi a Ghana suka ba ka gurbin digiri na biyu, Allah ya sa albarka ya sa a gama lafiya. Tambayar taka dai ita ce shafin nan naka na Facebook da TikTok da kake sa labarai da talla, wanda da shi kake sa ran biyan haya da cefane, ko za ka iya ci gaba da shi a nan ba fargaba tunda an ce maka Ghana kowa na faɗin abin da ya ga dama. To za ka iya, amma wanda ya faɗa maka haka rabin zancen ya ba ka, ɗaya rabin kuma shi ne yake kai mutum caji ofis.

Rabin da yake gaskiya shi ne tun 2001 zamanin shugaba Kufuor aka soke dokar da ke ɗaure mutum kan ɓata suna da cin mutuncin gwamnati, lokacin ma Akufo-Addo ne antoni janar, sannan tsarin mulkin 1992 ya ware babi na 12 sukutum don ƴancin kafafen yaɗa labarai. Ka kunna rediyo da safe a Kumasi ka ji yadda ake caccakar shugaban ƙasa da yaren Twi sai ka riƙe baki. Ka tuna 2022 da kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu yara biyu ƴan TikTok bulala 20 kowannensu da tara da sharar kotu kan barkwancin da suka yi da gwamna, to irin wannan hukuncin babu shi a nan. Sai dai masu caccakar nan da za ka ji ƴan ƙasa ne, suna da dangi da jam'iyya da lauyoyi, kai kuwa baƙo ne, kuma dokar shige da fice ta 2000 ta ba ministan cikin gida damar korar baƙon da aka ga zamansa ba alheri ba ne ga jama'a. Wannan bambancin shi nake so ya zauna maka a kai kafin komai.

Saboda haka kariyarka ta farko takardunka ne, kafin a je maganar lauya. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 kawai ta ba ka ba biza, kuma ka duba abin da jami'in boda ya rubuta maka a kan hatimi in ka shigo ta Aflao, bodar Ghana da Togo, ko ta jirgi, don abin da ya rubuta shi ne wa'adinka. Kana sauka ka karɓi wasiƙa daga ofishin ɗaliban waje na makaranta ka nemi izinin zama a imigireshan, ka yi katin shaida na baƙi wanda hukumar NIA ke bayarwa, da kuɗi ake yinsa kuma duk shekara ake sabuntawa, in babu shi rajistar layin waya da buɗe asusun banki duk za su ba ka wahala. Kar ka yarda wani a zango ya ce maka ai kai Bahaushe ne za a yi maka Ghana Card na ƴan ƙasa a ce a unguwar Aboabo ta Kumasi aka haife ka, wallahi kar ka fara, ranar da wani ya ji haushin fostin ɗinka ta nan zai fara tono, kuma daga nan magana ta bar ɓata suna ta koma takardar bogi.

Yanzu dokar da ta fi kama masu irin sana'arka, sashe na 208 na dokar laifuka ta 1960, wato yaɗa labarin ƙarya da zai jefa jama'a cikin tsoro ko ya ta da hankali, ɗaurinsa na iya kaiwa shekara 3. Akwai ƙaninsa sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008, shi kuma tarar har sidi 36,000 ko ɗaurin har shekara 5 ko duka biyun. Da waɗannan aka kama ƴan jarida da masu fafutuka a 2022, ƙungiyoyin ƴan jarida har yau suna kukan an dawo da tsohuwar dokar ta bayan gida. Abin da ya fi muhimmanci a 208 ɗin nan wanda yaranmu ba su sani ba shi ne, cewa "ban san ƙarya ba ne" ba ta fitar da kai sai ka nuna ka yi ƙoƙarin tantancewa kafin ka wallafa, kuma wanda ya sake yaɗawa shi ma ya shiga, ba sai wanda ya ƙirƙira ba. Wato ɗabi'ar nan ta a turo maka murya a WhatsApp ka ɗora ka rubuta "da ɗumi-ɗumi" don kar wani ya riga ka, ita ce daidai abin da sashen ke jira. Ka saba da kiran mutum biyu da ba su san juna ba, ka kira wanda ake magana a kansa ko kakakin ƴan sanda ko da ba zai ɗauka ba, ka ajiye sikirinshot na kiran da saƙon da ranar, ka zuba su a imel ɗinka don waya ana iya ƙwace ta. Wannan ajiyar ita za ka miƙa wa lauya ranar da ake buƙata.

Kuma ba don tsoron kotu kaɗai nake faɗa ba. A Fabrairun 2016 rikici ya tashi a Old Tafo nan Kumasi tsakanin matasan Musulmi da ɓangaren masarauta kan filin maƙabarta, an rasa rai an lalata dukiya har da wuraren ibada sai da aka sa dokar hana fita. Mutanenmu da Tonawa, wato mutanen Ashanti, sun daɗe tare tun zamanin fataucin goro, akwai auratayya akwai amana, amma jita-jita guda da Hausa a wayar yaran Asawase da Sabon Zongo da Alabar tana iya ɓata abin da dattawa suka gina, kuma kai in abu ya lalace kana da gida a Najeriya, su nan ne gidansu. Rikicin Bawku da ke arewacin Ghana ma haka, in ba ka san tarihinsa ba ka bar shi.

Ɓata suna kuma an cire ɗauri ne kawai, ƙarar neman diyya tana nan daram, kuma manya a nan miliyoyin sidi suke nema. Kalmar "wai" da "ana zargin" ba sa wanke ka in abin da ka faɗa ya zubar da mutuncin mutum kuma ba ka da hujja, haka in ka ɓoye suna amma duk unguwa ta gane wane alhaji ko wane malami kake nufi. In an aiko maka da wasiƙar lauya kar ka hau laif kana cika baki don mabiya su yi ta tafi, ka kai wa lauya, in kuskure ne ka sauke ka ba da haƙuri a fili ka kuma sa martanin mutumin, don tsarin mulki da kansa ya ba wanda aka taɓa haƙƙin a buga martaninsa. Akwai hukumar kula da kafafen yaɗa labarai NMC da ke sulhu a irin wannan, gara can da gaban alƙali.

Wurare biyu ne nake so ka kama bakinka sosai. Kotu, don a 2016 kotun ƙoli ta ɗaure wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon Montie da baƙinsa biyu wata 4 saboda barazana da cin mutuncin alƙalai, sai da shugaba Mahama ya yi musu sassauci bayan sun yi wata guda, kuma ka lura su ƴan jam'iyya mai mulki ne a lokacin. Sai sarauta. Dokar sarauta ta 2008 ta mai da zagin sarki da gangan laifi, amma a Kumasi ma kafin a kai ga doka gari ya riga ya hukunta ka, Sarkin Ashanti Otumfuo Osei Tutu II da fadarsa ta Manhyia ba abin barkwanci ba ne a wurin Tonawa ko kaɗan. A 2022 majalisar sarakunan Kumasi ta sa wani gidan rediyo ya dakatar da aiki saboda abin da baƙonsu ya faɗa kan sarakuna da haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba da ake kira galamse, sai da aka je aka ba da haƙuri. Ni a ganina abin da ya fi maka, in ka natsu ka samu wani dattijo ya kai ka gaisuwa fadar Sarkin Zango ka faɗi ko kai waye da abin da kake yi, ranar da aka samu saɓani kana da wanda zai shige maka gaba.

Sirrin mutane kuma, a 2018 kotun ƙoli ta ce naɗar wayar mutum a ɓoye ba da saninsa ba keta haƙƙinsa ne, to ka ga irin odiyon nan na tonon silili da ake so a gida ka yi hankali da su. Bidiyon tsiraici ko da turo maka aka yi, ko da ka rufe wani wuri ka ce wa'azi kake, dokar tsaron intanet ta 2020 ta sa ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ga mai yaɗawa ba da yardar mai shi ba, in aka haɗa da barazanar neman kuɗi ko kuma yaro ne a ciki abin ya wuce nan nesa. Ka goge kawai, ka ji tsoron Allah ma kafin doka, ƴar wani ce. In kai aka yi wa barazana ka kira 292, layin hukumar tsaron intanet. Lambobin waya da sunayen da kake tarawa lokacin rabon kati ko gasa su ma amana ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2012, kar ka sayar wa masu talla, in abin ya girma ya zama kasuwanci sai ka yi rajista da hukumar kare bayanai. A kasuwar Kejetia kuma kar ka ɗaga waya a fuskar matan kasuwa ba ka tambaya ba, yara kuwa sai da iznin iyaye.

Haƙƙin mallaka ba sai na ja ba, dokar 2005 ta kare aikin mutum tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa, rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙar" a ƙasan bidiyo ba izini ba ne, ka nemi izini a rubuce ko da saƙon WhatsApp ne. YouTube gargaɗi 3 cikin kwana 90 sun rufe tashar, duk wahalarka ta tafi.

Sai maganar kuɗi wadda na san ita ta fi damunka. Na ga yawancin tallan da ke shafinka maganin gargajiya ne da kayan mata da man shafawa, to a nan duk tallan magani ko abinci ko kayan kwalliya sai hukumar kula da abinci da magunguna FDA ta amince da kayan ta kuma amince da tallan kansa, a ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012, kuma tallan da ke cewa yana warkar da ciwon suga ko hawan jini ko kansa ko rashin haihuwa haramtacce ne. Duk mai kawo maka talla ka ce ya turo lambar rajista da takardar amincewa, in ya fara kame-kame ka bar kuɗin, kuma ka riƙa rubuta cewa talla ne don mabiyanka su sani. Izinin zama na ɗalibi ba izinin aiki ba ne, saboda haka kafin ka fara karɓar kuɗin talla daga kamfanonin nan ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ka tambayi ofishin ɗaliban waje da imigireshan iyakar abin da takardarka ta yarda, ka riƙa ajiye rasit na duk abin da ya shigo don hukumar haraji GRA, ka cike fom ɗin harajin Amurka a AdSense don in ba ka cike ba suna iya yanke har kashi 24 cikin 100 na duk kuɗinka. Shawarar da ka kawo ta buɗe ɗan shago kana sayar da turare da hula a gefe kuma ban goyi baya ba, dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga ƴan ƙasa, kuma da ita aka kulle shagunan ƴan Najeriya a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan gyaran mota ta Kumasi, a 2019.

In Allah ya kawo ƙaddara aka gayyace ka ko aka kama ka, kar ka je kai kaɗai kuma kar ka yi gardama, kana da haƙƙin a faɗa maka dalili da yaren da kake ji da haƙƙin lauya, kuma cikin awa 48 dole a kai ka kotu ko a sake ka, kotun ƙoli ta ce a 2019 har Asabar da Lahadi da ranakun hutu a cikin lissafin suke. Kar ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Tun yanzu ka nemi lambar hukumar ba da lauya kyauta Legal Aid, da ta ƙungiyar MFWA mai kare ƴan jarida da ke Accra, da ta ofishin jakadancin Najeriya, ka rubuta a takarda ka ba abokin ɗakinka kwafi. Binciken ƙwaƙwaf kan masu kuɗi da masu galamse kuma ka bari sai ka san gari, Ahmed Hussein-Suale da ke aiki da ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas a unguwar Madina ta Accra aka harbe shi a Janairun 2019, ɗan ƙasa ne kuma yana da ƙungiya a bayansa, Allah ya jiƙansa.

Kafin ka taso ka zauna ka bi tsofaffin fostin ɗinka ka sauke duk wanda ba za ka iya kare shi ba, ka taho da fasfo mai sauran wa'adi sosai da katin rigakafin shawara da asalin takardar gurbin karatu da hotunan fasfo da yawa. Ka faɗa min ranar da za ka taso in san ko tashar mota zan same ka ko filin jirgi, ka gaida su Hajiya da kyau.