Amsa: Wace girgizar ƙasa ce ta fi muni a tarihi?

Ɗan'uwa na Ringim ka tambaya wace girgizar ƙasa ce ta fi muni, wai gardama ta ɓarke a majalisarku bayan isha'i. To in ƙarfi ake magana ta Chile ce ta 1960, ma'auninta 9.5, har yau ba a auna wadda ta kai ta ba. Amma ƙarfi daban, ɓarna daban fa. Ta Haiti ta 2010 maki 7.0 ce kawai amma ta rugurguza babban birninsu saboda gine-ginen ba su da ƙwari kuma tushenta yana dab da gari.

Wadda ni ta fi tsaya min a rai ita ce ta 26 ga Disamba 2004, a rediyo muka ji ta lokacin ana ta sussukar dawa, ƙasa ta motsa a ƙarƙashin teku kusa da Indunusiya sai ruwa ya taso kamar katanga ya cinye mutum sama da 200,000, igiyar har Somaliya ta kai, ka ji nisa. Sai ta Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023, da asuba mutane na barci ga sanyi, sama da 50,000 suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. Ta Maroko a shekarar ita ma ta ba ni tsoro, don gidajen ƙasa irin namu ne suka rufta wa mutanen ƙauyukan kan dutse.

Mu nan muna nesa da bakin manyan faifan duwatsun ƙarƙashin ƙasa waɗanda gogayyarsu ke jawo girgizar ƙasa, shi ya sa sai ɗan motsi irin na Mpape a Abuja a 2018.