Ta ina zan fara miƙa gidana ga Ubangiji?

Tambaya: Baba Fasto, ni da maigidana mun riƙe alkawarin Joshuwa 24:15, cewa mu da gidanmu za mu bauta wa Ubangiji. Amma kullum yana hanyar Jibiya da kaya, yara suna hannuna ni kaɗai. Ta ina zan fara?
Wata uwa, unguwar Zariya, Maraɗi

Amsa: 'Yata, fara daga tabarmar tsakar gida. Bayan tuwon dare ki tara yaran, babban ya karanta aya biyu, ku yi addu'a, ku sa babansu a ciki, har da hanyar da yake bi. In akwai rezo, ki kira shi ya ce amin tare da ku. Kada ki jira sai ya dawo. Jiran nan yana damuna ƙwarai, ya kashe sujada a gidaje da yawa. Duk Lahadin da yake gari kuwa, shi zai ja ku zuwa majami'a.