Tambaya da Amsa: Mi ake nufi da "accredited" a takardar makaranta?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ɗana ya ci bak bana, muna shawarar ko ya yi karatu nan Maradi ko mu tura shi Katsina, to duk takardar makarantar masu Ingilishi da ya kawo min sai in ga an rubuta "accredited" da manyan baƙi. Mi ke nan, kuma in na gan ta shi kenan in biya kuɗi?
Wata uwa daga unguwar Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa yaro albarka. Kalmar daga accredit take, wato hukuma ta binciki abu ta tantance shi sannan ta ce ta amince da shi. Waɗanda suka yi lakwal ta Faransanci sun san accréditer, ai tushensu guda. Ana faɗinta ga jakadan da aka turo wata ƙasa, da ɗan jaridan da aka ba katin shiga taro, har masu zaɓe a Najeriya, duba yatsa da fuskar nan da na'urar BVAS ta yi musu a 2023 shi suke kira accreditation.

Amma Hajiya kar ki kwance bakin zani tukuna. Makaranta ba ta tantance kanta, dole wani ne ya yi mata, don haka ki sa yaron ya duba gaban kalmar ko akwai "by" da sunan hukuma, in babu to talla ce kawai, kowa na iya zuwa wajen mai buga takardu a rubuta mai. A Najeriya hukumar NUC ce ke wannan aiki a jami'o'i kuma kwas-kwas take bi, tana duba malamai da ɗakunan gwaji da littattafai, shi ya sa za ki ga jami'a ɗaya sashen lissafi ya samu cikakkar amincewa ta shekara 5, wani sashen ta wucin gadi ce ta shekara 2, wani ma an hana shi sam. Nan ne iyaye da yawa ke faɗawa, sunan makaranta suke kallo ba kwas ɗin ba, sai yaro ya gama a zo neman aiki a tarar diplom ɗin ba ya da gindi.

A wajenmu kuwa ki tambayi izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, sannan ko CAMES ta amince da diplom ɗin, hukumar nan ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka mai kula da ilimi mai zurfi da aka kafa a Yamai a 1968 mai hedikwata a Wagadugu. Ku je da kanku ku ce a nuna muku takardar mai ɗauke da sunan kwas ɗin da yake so da shekarar da aka ba da ita.