Tambayoyinku Kan Waya Da Kwamfuta: Laifin Ba Na Manhaja Ba Ne

Tambaya: Malam, ina shugabantar wata ƙungiyar masu fataucin albasa a Marwa, mu goma sha biyu a ofis. Na buɗe mana Google Drive don lissafinmu ya zauna wuri ɗaya, amma kowa ya koma tura takardu ta WhatsApp. Wace manhaja ce ta fi Drive in sauya? Daga wani Alhaji, Marwa.

Amsa: Ranka ya daɗe, kada ka sauya komai. Ko Slack ka kawo musu, ko Teams, manhajojin tattaunawar ofis, kafin wata ya mutu za ka tarar da su a WhatsApp ɗin nan suna tura hoton rasit a karkace. Tambayata ita ce: kai da kanka ta ina kake tura takarda? Ba sai ka amsa ba. Muddin maigida zai aiko umarni ta saƙon murya bayan sallar isha'i, babu yaron da zai wahalar da kansa da Drive.

Saƙon muryar nan shi ne ya fi ci mini rai. Minti bakwai, uku sun tafi a gaisuwa da tambayar iyali, farashin buhu yana can tsakiya tare da ƙarar babur. Bayan wata biyu in gardama ta tashi kan nawa aka biya direban da ya kai kaya Kusiri, wa zai zauna ya saurari duk muryoyin? Rubutu kuwa kalma ɗaya za ka nema ya fito. Don haka duk abin da ya shafi kuɗi, rana ko adadi, a rubuta shi. Gaisuwa a yi ta da murya, ban hana ba.

Sai maganar takardu. Da zarar an tura fayil ta WhatsApp, ya zama kwafi goma sha biyu, kowa yana gyara nasa. Daga nan ake samun "lissafi na ƙarshe", "na ƙarshe sosai", da "wannan ne na gaskiya". A bar fayil ɗaya a Drive, a riƙa tura mahaɗinsa kawai. Sunansa kuma ya fara da kwanan wata, shekara a gaba, kamar 2025-03-14, don su jeru da kansu. Ni haka nake yi har da hotunan biki.

Kuma don Allah kowa ya shiga da asusunsa. Kalmar sirri ɗaya ga mutum goma sha biyu ba sirri ba ce, kuma ranar da wani ya goge lissafi, "Historique des versions", wato tarihin gyaran fayil, sunan mutum ɗaya zai nuna maka. Ma'aji da magatakarda su zama Éditeur, masu ikon gyara, sauran Lecteur, karatu kawai, ya ishe su.

Ka rubuta waɗannan ƙa'idoji a saƙo ɗaya, ka maƙale shi a saman zaurenku na WhatsApp, yana iya zama har kwana 30. Wanda ya turo takarda ta bayan fage, kada ka buɗe, ce masa kawai "sa ta a Drive". Zai yi fushi sau biyu, na uku zai sa. Masu fakewa da rashin intanet su kunna "hors connexion", wato aiki ba tare da intanet ba, aikin zai hau da kansa in layi ya dawo.

Tambaya: Drive ya ce wurina ya cika, Gmail ma ya daina karɓar saƙo. Daga wata Hajiya, Garwa.

Amsa: Hajiya, giga 15 ɗin kyauta na Drive da Gmail da Google Photos ne a haɗe. Bidiyon kamu ne suka cinye. Ki rage su, ki zubar da kwandon shara.

Tambaya: Na goge fayil ɗin ofis bisa kuskure jiya. Daga wani ɗalibi mai koyon aiki, Injamena.

Amsa: Yana cikin Corbeille, wato kwandon shara na Drive, har kwana 30. Maido shi kafin oga ya lura.

Tambaya: Wayata ba ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Daga wani malami, Gaundare.

Amsa: Malam, ƙara Hausa a harsunan Gboard. In ba ka ga harafin ba, danne k ko d ko b na ɗan lokaci.