Ƙararrawa ba ta kuka a banza

Wai tambaya kake, idan masu gida suka ce ƙarar injin numfashi na hana su barci, ka kashe musu ƙararrawar? Kai yaro, ajiye wayar nan ka saurara.

Shekarun baya na kafa wa wani dattijo BiPAP, injin da ke tura wa mutum iska ta takunkumin fuska don ya taimaka masa numfashi, a gidansa, likita ya rubuta matsin iskar da za a ba shi, na saita, na kulle. Kwana huɗu sai babban ɗansa ya kira ni, irin 'yan bokon nan da komai sun sani, wai inji ya dame su da kuka cikin dare. Na ce masa kukan nan iska ce ke zurarewa, takunkumin ya yi wa baba girma, gobe zan zo da ƙarami. Bai jira goben ba. Ya shiga YouTube ya koyi yadda ake buɗe ɓangaren likita, ya kashe ƙararrawar, ya ma rage matsin wai don baba ya ji daɗi. Dattijo ya dinga tashi da ciwon kai, yana gyangyaɗi da rana tsaka, ba wanda ya gane dalili.

Bai tsaya nan ba. Tankin da ke sa wa iskar danshi ya cika shi da ruwan rijiya, har gishiri ya yi fari fat a gindinsa, sannan ya ɗauki injin da ruwan a ciki ya jefa bayan mota za su ƙauye. Ruwa ya gangara cikin ɓangaren injin da ke hura iska. Ran Litinin sai ga shi a ƙofar shagon nan da mutum biyu, wai na sayar musu da gwanjo. Na buɗe a gabansa, ruwa na ɗiga a kan teburin nan da kake jingine. Ya rantse bai taɓa komai ba. Kuɗin da na tara na sayen babur, da su na biya, don kada sunana ya ɓaci a asibiti. Har yau ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

To ka ji. Abin da ya shafi jin daɗi, taɓa shi: danshi, ɗumin tiyo, da wurin da aka rubuta Ramp, wanda ke fara iska a hankali daga matsi na 4 ya hau cikin mintuna har 45 kafin barci ya ɗauke mutum. Da hunturu ƙara danshi, hanci na bushewa. In ka ji ruwa na ƙugi a tiyo, danshi ya yi yawa, rage. Amma matsi da iyakar ƙararrawa na likita ne. In ta yi kukan matsi ya faɗi, nemi inda tiyo ko takunkumi ya cire ko yake yoyo. In na matsi ya hau ne, tiyo ya lanƙwashe, ko majina, ko tari. Kuma maras lafiya za ka fara duba kafin inji.

Wanke filta kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san ƙurar Kano ba ya koma sayar da katin waya. Ku yaran yanzu maɓallin shiru kawai kuka iya dannawa. Miƙo min sukudireban can, kuma daga yau duk injin da ka kafa, ɗauki hoton saitin, mai gida ya sa hannu.